Sandar Tagulla da Sanda Mai Maho

A bayan tashar jirgin ƙasa ta Nguru, wajen da gidaje suka fara tsinkewa rairayi ya karɓi gari, akwai wani dattijo da ya ba shekara 70 baya. In an idar da sallar la'asar rana ta yi sanyi, yakan fito da wata sanda mai kan tagulla da fararen ƙwallaye uku, ya shiga kangon da ke bayan gidansa. A cikin kangon nan ya share fili wanda bai wuce faɗin ɗaki biyu ba, ya tankaɗe rairayi ya cuɗa shi da baƙin man mota, ya baje ya daɓe, sa'an nan ya binne gwangwanin tumatir a tsakiya, bakinsa daidai da ƙasa. Sai ya tsaya, ya sunkuya, ya ɗan taɓa ƙwallo, ta gangara ta faɗa gwangwani. Da fari mutanen unguwa sun zaci taɓuwa ce. Da suka ga mutumin ba ya fashin jam'i, ba ya cin bashi, ba ya zagin ɗan kowa, sai suka ƙyale shi, suka ce ai wasan Turawa ne ya kwaso a Kano.

Wasan nan shi ne golf, wanda ake ce wa ƙwallon lambu. Ana yin sa a fili mai ramuka 18, kuma wanda ya zagaye su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Doka ta yarda mutum ya riƙe sanduna har 14 a jakarsa, amma guda ɗaya ce tak ake ɗauka in an iso bakin rami, watau wadda yaran jaka ke kira fota. Ba ta ɗaga ƙwallo sama, turo ta take yi a ƙasa. Faɗin ramin milimita 108 ne, nauyin ƙwallon kuwa bai kai giram 46 ba. A lissafin masu wasan, filin da aka yanka wa bugu 72, rabinsu cif, watau 36, na wannan sanda ne. Saboda haka mai karatu zai gane dalilin da ya sa mutum kan canja sauran sandunansa ba tare da ya waiwaya ba, amma ya riƙe wannan kamar zoben gado.

Mahaifin dattijon ɗan dako ne a tasha, a zamanin da Nguru ke Nguru. Tun da layin dogo ya iso garin daga Kano cikin 1930, nan ne ƙarshen hanya, kuma nan raƙuma da manyan motoci ke sauke gyaɗa da ƙiraga da ƙaro da bandar nama, jirgi ya kwashe ya yi kudu. A cikin irin wannan jirgi aka sa shi yana yaro, ya wuce Birniwa da Malam Madori da Ringim, tafiyar mil 140 da 'yan kai, aka kai shi karatun allo Kano. Neman abin kai wa baki ya ja shi wajen filin ƙwallon lambu na garin, inda yara ke ɗaukar wa Turawa da Kwara jaka ana ba su sule. A nan ya girma. Cikin 1974, lokacin da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta sa Turawan ciniki da yawa suka naɗe kayansu, Baturen da ya yi wa ɗaukar jaka shekara shida ya zare sandar tagullar ya miƙa masa a bakin mota. Ko godiya bai samu ya yi sosai ba, mota ta tashi.

Ya kamata a san irin ƙasar da ya koyi wasa a kanta, domin a nan maganar take. A Ingila da Amurka, kewayen rami ciyawa ce da aka aske ƙwal, santsi kamar faranti, ƙwallo na gudu a kai da ɗan taɓi kaɗan. A Arewa kuwa, inda ruwa ke ɗaukewa wata bakwai ko takwas, Turawan da suka kafa filayen Kano da Zariya da Kaduna rairayi suka cuɗa da mai suka shimfiɗa, kafin kowa ya buga sai yaro ya ja wani abu ya share masa hanya. Kada a raina wannan shimfiɗa. A kan irinta ne, a filin Ikoyi na Ikko, wani Baturen Ingila mai suna Peter Tupling ya gama ramuka 72 da bugu 255 a gasar Nijeriya ta 1981, abin da a lokacin ba a taɓa yin ƙasa da shi ba a gasar ƙwararru. Sai dai rairayi yana riƙe ƙwallo. Ba ya son lallashi, so yake a buga da gaske, kai tsaye. Hannun dattijon nan a haka ya ginu, da kunnensa kuma, ko da yake shi bai san da na biyun ba. Duk bugu mai kyau yakan ji wani amo, ƙyal, siriri mai tsabta, tun kafin ya ɗaga kai ya san inda ƙwallon za ta tsaya.

To, shekara biyu da suka wuce abin ya fara ɓaci. Ƙwallon da ya saba zurawa daga taku biyar sai ta tsaya taku ɗaya kafin gwangwani, ta gaba kuma ta zarce har gindin katanga. Saiti yana nan, ƙarfin ne ya ɓace masa. Ya zargi rairayin, ya sake tankaɗe shi. Ya zargi ƙwallayen. Daga ƙarshe ya zargi hannunsa, ya shiga duba yatsunsa da safe ko sun fara rawa, domin ya ga yadda ciwon rawar jiki ya gama da wani maƙwabcinsa. Bai gaya wa kowa ba. Amma uwargida ta lura ya rage cin tuwo, kuma ya daina zama a majalisar ƙofar gida, inda a da shi ne mai ba da labarin Kano.

Yana da ɗan ƙanwa, ma'aikaci a Abuja, wanda shi ma ya kamu da son wasan, yana yin sa a filin IBB da aka buɗe cikin 1991, filin ciyawa sosai. Da ya zo hutun babbar salla, ya tsaya a kangon ya ga kawun nasa ya ɓarar da bugu bakwai a jere. Bai ce komai ba. Bayan wata biyu sai ga saƙo a motar haya, doguwar sanda a cikin kwali. Da aka buɗe, sai ga kan ƙarfe baƙi mai faɗi, an fafe tsakiyar fuskarsa an dasa wani farin abu mai kama da roba. Dattijo ya juya ta, ya danna farin da farce, ya ce, "Wannan ai maho aka yi mata." Daga ranar sunanta ke nan a gidan, mai maho.

Da dare yaron ya bugo waya ya ce, "Kawu, irin wadda manya ke riƙewa ke nan yanzu. Tana da taushi, ba ta firgita hannu. Wancan tsohon ƙarfen a rataye shi a huta."

Dattijo ya ce, "Me ka ce?"

Ya maimaita. Ya ce, "To, ɗana, Allah ya yi albarka."

Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai rabin magana ya faɗa. Kafin maho ya yaɗu, yawancin kawunan sandunan nan ƙarfe ne zalla, ko a ƙera ko a narka a zuba. Wani injiniya haifaffen ƙasar Norwe, Karsten Solheim, ya ƙera wata a garejin gidansa a Kalifoniya cikin 1959, kuma saboda ƙarar da take yi in ta bugi ƙwallo ya raɗa wa kamfaninsa suna Ping. Cikin 1966 ya fito da wadda ya kira Anser, zubin tagulla, wadda ya rarake bayanta ya tura nauyin zuwa gefe da gefe, don ko mutum bai bugi ƙwallo da tsakiyar fuska ba kan sandar kada ya murɗe. Har gobe ana kwaikwayon siffar nan, ta dattijon ma jinsinta ce, ko da yake sunan maƙerinta ya goge tuni. Daga baya aka sami masu sassaƙe kan sanda da inji daga curin farin ƙarfe guda, ba zubi ba haɗi, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Scotty Cameron.

Abin da ya kawo maho kuwa, ƙwallo ce ta canja. Ƙwallon da gwanaye ke bugawa a da zare ne na roba aka naɗe, aka rufe da danƙon itacen balata, mai laushi. Daga wajen 1970 aka cika kasuwa da ƙwallaye masu ɓawon Surlyn, masu ƙarko da nisan tafiya, amma in suka haɗu da ƙarfe sai ka ji kamar an jefi kwano da tsakuwa. Ga kuma ciyawar filaye ana ta ƙara aske ta tana ƙara santsi. Sai masu ƙira suka ce, tun da ƙwallo ta yi tauri, bari fuska ta yi laushi. Kamfanin Odyssey ya yi fice a wannan. Cikin 1996 Nick Faldo na Ingila ya ci gasar Masters da sandarsu mai baƙin maho, a ranar da ya taso daga bayan Greg Norman da tazarar bugu shida ya wuce shi. Kamfanin Callaway ya saye Odyssey cikin 1997, kuma cikin 2000 suka fito da farin maho mai suna White Hot, wanda aka yi da irin robar da ake rufe ƙwallo mai tsada da ita. Ban da laushi, maho yana da wata fa'ida ta zahiri: roba ba ta kai ƙarfe nauyi ba, saboda haka giram ɗin da aka rage a fuska sai a mayar da shi baya da gefuna, kan sanda ya ƙara tsayuwa.

Amma wanda ya ce manya duk sun koma maho ya yi gaggawa. Tiger Woods ya ci babbar gasarsa ta farko cikin 1997 da sanda mai dasashen jan ƙarfe a fuska, sa'an nan sauran 14, daga 1999 har zuwa 2019, da sanda ɗaya ta farin ƙarfe zalla ya ci su. Iyakar da ke tsakanin jinsin biyu ma ba ta da kauri kamar yadda 'yan talla ke nunawa. Akwai mahon da aka yi da alminiyam, ya fi wani ƙarfe zalla ƙara. Akwai kuma ƙarfe zalla da aka yi wa zane mai zurfi a fuska, har ya zama ɗan kaɗan ne ke taɓa ƙwallo, amonsa ya dushe kamar na roba. Gaskiyar da masu ƙira suka daɗe da sani ita ce, abin da mai wasa ke kira taushi ko tauri, yawancinsa ƙara ce. Haɗuwar fuska da ƙwallo ba ta kai ƙiftawar ido ba, kafin saƙo ya iso hannu ƙwallon ta riga ta tafi. Abin da ya rage wa mutum shi ne amo a kunne da ɗan motsi a tafi, da su yake auna ƙarfin bugun gaba. Makaɗa sun san wannan tun kafin a haifi Solheim, shi ya sa suke manna nake a fatar abin kiɗa don su sauya muryarsa.

Dattijo ya yi wa mai maho adalci. Sati uku yana fita da ita. Abin sai ya ƙara lalacewa. A kan rairayi ƙwallon ta riƙa mutuwa a rabin hanya, in ya ƙara ƙarfi kuma ta zarce, shi kuwa ba ya jin komai, kamar yana bugun auduga da tsinke. Wata yamma jikanyarsa, yarinya 'yar shekara tara wadda yake tsokana da amarya, tana zaune a kan katangar tana cin gyaɗa, ta ce, "Angona, sau uku fa Hajiya tana kiranka." Ya ce ƙarya take yi. Ta ce, "Ai kullum haka ake yi, sai an aiko ni." Ya kore ta da wasa, amma da ya shiga gida bai iya haɗa ido da uwargida ba.

Washegari ya naɗe sandunan biyu a buhu ya hau mota zuwa Gashuwa, tafiyar kamar mil 40 gabas, garin Mai Bade a bakin kogin Yobe. Yana da aboki a can tun na ƙuruciya, maƙerin baƙi, wanda ke ƙera fartanya da lauje da ƙugiya ga manoman fadama da masunta. Abin da ya kai shi, ya ji labari tun a Kano cewa wasu masu ƙira kan tsaga ƙasan kan sanda daga bayan fuska don amonta ya ƙara fita. So yake a yi wa ta tagullar haka. A ransa ya yanke cewa tagullar ce ta gaji, ta daina magana.

Ya tarar da maƙerin a gaban uwar maƙera, yaro na zuga. Aka gaisa da ƙarfi, don maƙerin sai an ɗaga murya. Ya karɓi mai maho tukuna, ya auna ta a tafin hannu, ya duba bakin dasashen, ya ce aikin ya yi kyau, amma gam ne ya riƙe shi, kuma duk abin da gam ya riƙe yana da ranar rabuwa, balle a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40. Ya ce roba kuma halinta ne ta saki da zafi ta ƙanƙame da hunturu. Amma bai kushe dabarar ba. Ya jawo wani tsohon gatari ya nuna, ya ce su ma maƙera sun san dasa ƙarfe mai tauri a bakin mai laushi, baki ya yi ci, jiki ya sha duka. "Maho ba abin kunya ba ne, Malam," in ji shi, "in an san abin da ake nema da shi. Wannan an yi ta ne don ƙasa mai santsi, da mutumin da ƙara ta yi wa yawa. Kai wace ƙara ce ta yi maka yawa?"

Sa'an nan ya ɗauki ta tagullar, ya rataya ta a yatsa, ya ƙwanƙwasa da ƙusa. Yaron zuga ya ɗago kai, har wani mai sayen lauje da ke bakin rumfa ya waiwayo. Maƙeri ya dubi abokinsa ya ce, "Ka ji?"

Dattijo ya yi shiru.

Ya sake ƙwanƙwasawa, wannan karon kusa da kunnensa na hagu. Ya ce, "Na ji kaɗan."

Maƙeri ya ajiye ƙusa ya ce, "Ba zan sa zarto a jikin wannan ba, ko nawa za ka ba ni. Lafiyarta ƙalau. Miƙo hannunka." Ya miƙa, hannu ya tsaya cik kamar na saurayi. Ya ce, "Hannunka ma lafiya lau. Kunne ne, mutumina. Ka shigo layinmu."

Ba ƙaramin abu ba ne a gaya wa mutum haka a gaban yaro da baƙo. Dattijon ya ce daga baya, a lokacin bai san ko ya yi murna ko ya yi fushi ba, domin an sauke masa tsoron da ya kwana da shi shekara biyu, an kuma ɗora masa wani abin da kowa a gidansa ya riga shi sani. Siririn amo shi ne farkon abin da kunnen tsufa ke saki, tun mutum yana jin ganga da tsawa yana cewa ai shi garau yake. Ƙyal ɗin nan da ya dogara da shi shekara 50 yana cikin abin da ya fara tafiya. Ya tuna majalisar da ya ƙaurace wa, wai don hirar ta zama ta yara. Ashe hirar ce ba ta iso shi.

Maƙerin bai bar shi a nan ba. Ya kama mariƙin sandar, inda dattijo ya naɗe da robar tayar keke ninki uku tun lokacin da tsohon mariƙin ya ruɓe, ya ce, "Wannan fa?" Ya ce ai don kada ta zame. Maƙeri ya yi dariya har da tari. Ya ce shi kunnensa ya mutu tun zamanin Shagari, amma har yau in ya sauke masaba ya san ko ƙarfe ya nuna ko bai nuna ba, don ƙota ce ke gaya masa. "Kunne ya tafi, ka kuma toshe hannu da roba. Ta ina kake so ta yi maka magana?" Ya sa wuƙa ya yanke robar, ya aiki yaro wajen baduku a cikin kasuwa. Kafin azahar aka dawo da sandar an naɗe mariƙin da jar fatar akuya, siririya, an ɗinke bakin. Kuɗin fata kawai aka karɓa. Suka ci tuwo da miyar kifi, suka yi ta ihu a kunnen juna a kan mutanen da suka rasu.

Da ɗan ƙanwar ya sake bugo waya, dattijo ya ba jikanyar ta riƙe tana maimaita masa. Ya ce a gaya masa mai maho tana da kyau, amma ta ciyawa ce, ya ajiye masa ita sai ya zo. Ya ce a kuma gaya masa, maganar likitan kunne a Kano da uwarsa ta daɗe tana yi a kaikaice, ya yarda, in an gama girbin gero. Yaron ya yi shiru a waya, sa'an nan ya ce, "To, Kawu. Ni zan zo in kai ka."

Yammacin ranar ya fita kango da ta tagullar. Ya sassauta riƙo, ya bar fatar ta kwanta a yatsu. Bugun farko ya gaza, na biyu ya zarce. A na uku ya ji wani ɗan motsi ya hau sanda ya shiga tafinsa, ƙwallon ta tafi ta faɗa gwangwani. Cikin goma ya zura shida, alhali a da takwas ko tara yake yi. Ya tattara ƙwallayen ya koma taku biyar. Ladan ya kira magariba a masallacin tasha, yarinyar ta kira shi daga kan katanga sau biyu, sa'an nan ta diro ta zo ta ja hannun rigarsa.